Madarar da ke tukunyata

Ɗana na fari bai cika wata uku ba zazzaɓi ya kwantar da ni. Ina tashi na tarar nonona ya ƙafe. Babu abin da ban sha ba: kunun kanwa, sassaƙe, rubutu, har wani jiƙo mai ɗaci da aka kawo mini daga kasuwar Kurmi. Yaro ya kama ya ja, ya ja, ya saki ya tsanyara kuka, ni ma in taya shi.

A lokacin awara nake yi a gidanmu na Jakara. Kullum a kai mini markaɗen waken suya inji, in tace, in ɗora a wuta, kafin in zuba ruwan tsami ya dunƙule. Duk wadda ta taɓa leƙa tukunyar nan ta san yadda ruwan yake, fari tas, har da kumfa. Mun gwada madarar gwangwani, amma samun maigidana, mai ɗinkin takalma, bai iya riƙe ta ba. Kafin a waiwaya gwangwani ya yi ƙara. Sai matan gida suka ce ga madara a gabana ina neman madara. Ai da babu gara ba daɗi. Na fara ɗiba ina sa sukari ina ba shi da cokali.

Daga nan kowa ya zama likita. Abokan hirar maigidana suka ce waken suya na kashe mazantaka. Surukata ta ɗauki zancen ta rungume, wai zan mayar mata da jika mace. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaron da ake tababar ko zai kai gobe, su lissafin angwancinsa suke yi.

Shi kuwa yana sha yana lalacewa. Ciki ya kumbura, gudawa ta ƙi tsayawa, hannuwansa suka koma kamar sillen kara. Ranar da na taɓa maɗigarsa na ji ta faɗa, ko mayafin kirki ban tsaya nema ba na nufi asibitin sha-ka-tafi. Nas ɗin ta duba shi, ta haɗa ruwan gishiri da sukari, sannan ta tambayi abin da nake ba shi. Na faɗa mata. Ta ce waken suya ba guba ba ne, ni in ci awarata in ƙoshi, shi ma in ya wuce wata shida a sa masa garin a kunu, zancen mazantaka kuma in bar wa 'yan majalisar hira. Amma ruwan tukunyata ba zai riƙe jariri ba, komai farinsa.

"Nono yake so, Malama," in ji ta. "In babu naki, a nemo na wata."

Na fito ina tafe ban san inda nake jefa ƙafa ba. Tsoro nake ji. Mahaifiyata ta rasu, ƙannena mata ba wadda ke goyo. Na ƙirga matan unguwa kaf, sai zuciyata ta tsaya kan mace ɗaya, wadda na fi jin nauyin tambaya.

Wata Bafulatana ce daga Ƙofar Mazugal, muna ce mata Adda. Takan zo kowace hantsi ta kwashi dusar awara ta kai wa tumakinta. Tare muka yi ciki, muna tsokanar juna kan wadda za ta riga sauka. Ta riga ni, 'yarta kuma ta koma ba a daɗe ba kafin wannan ranar. Ko da na je gaisuwa ban ga hawayenta ba, irin karar nan tasu. Abin da na gani, bayan ta dawo kwasar dusa, shi ne gaban hijabinta a jiƙe, tana karewa da bokiti.

Ta yaya zan ce wa uwar da ta binne 'yarta ta ba ni abincin marigayiya?

Washegari ta shigo da sallama, ta durƙusa tana kwasar dusa. Ina bakin murhu da yaro a cinya, kasko a wuta. Ya daina kuka ma, sai buɗe baki kawai. Na shirya magana tun asuba, amma duk ta gudu.

"Adda," na ce, "ɗana zai mutu."

Ba ta ɗago ba. Ta gama cika bokitinta, ta je bakin randa ta wanke hannu har gwiwar hannu, a hankali, har na fid da rai. Surukata ta leƙo daga ɗaki tana tuna mana cewa in ya sha, 'ya'yan Adda sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakani har abada. Ban san sanda na ce mata ya rayu tukuna ba.

Adda ta zauna a tabarma ta miƙo hannu biyu. "Ba ni shi."

Da farko ya ƙi, ba shi da ƙarfin ja. Ta matsa masa a leɓe, ya lasa, ya yi shiru, sai ya cafke. Na ji ƙarar haɗiyarsa, wadda na daɗe ban ji ba. Daɗi ya kama ni, kishi ma ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Adda ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta na rawa, tana kiransa ƙasa-ƙasa da sunan 'yarta.

Awara ta ƙone ƙurmus a kasko. Ban tashi ba, kuma ban gyara mata sunan ba.