Baduku Ya Jira Rakiyar Gwamna

Shekarar da Nasara suka ce kowane yanki ya aika mutum majalisa a Yamai, manyan Zinder kowa ya ja da baya. Sun ɗauka wani sabon aikin tilas ne aka yi wa ado. Sai aka tura ɗan wan babana, baduku mai rumfar takalma a Zango, wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Ya tashi kwansaye, wato ɗan majalisa, da warin jima a hannunsa. Ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar Nasara, ina aikin tafinta, don haka aka haɗa mu tafiya.

Kafin mu tashi, mutanen ƙauyen uwarsa, can wajen Droum, suka zo. Maganarsu ɗaya ce. Nasara sun sa kowane gida ya zuba gero a rumbun tsimi, an liƙe, ba a buɗewa sai da izinin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Damina ta yi gardama, gidaje sun koma cin tafasa, ga geronsu suna kallonsa. Yaya ya dafa ƙirji ya ce da bakinsa zai gaya wa gwamna.

Kwana huɗu muka yi a bayan babbar mota, yana ta bitar jawabinsa. Wallahi jawabin ya yi kyau, har direba sai da ya share hawaye.

Ranar da aka ba shi magana, ya miƙe cikin rigar aro, ya gai da gwamna. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi mutanen Faransa da ruwansu. Ina juyawa da Faransanci. Gwamna ya ce lafiya lau. Yaya ya yi godiya, ya zauna.

Na sunkuya na ce, "Yaya, geron fa?"

Ya harare ni. "Lakwal ta lalata ka. Daga zuwa gidan mutum sai ka buɗe baki da roƙo? Bari ya rako mu tukuna."

Haka muke a Damagaram. Mai buƙata yakan sha hira ya yi sallama, sai maigida ya taka masa zuwa ƙofa, sannan mai buƙatar ya ce, af, dama akwai 'yar magana. Yaya bai taɓa neman ko allura ta wata hanya ba. Na san Nasara ba ya rakiya, amma ƙane ba ya gyara wa wa a gaban mutane, kuma gaskiya ni ma tsoron gwamnan nake ji.

Sauran kwanakin aka yi ta ɗaga hannu kan kwalbati da kuɗin tambur, wato kan sarki. Yaya yana ɗagawa duk lokacin da na kusa da shi ya ɗaga. Ranar rufewa gwamna ya buga ɗan gudumarsa, ya fice ta wata ƙofar baya da ba mu san da ita ba. Yaya ya tsaya a bakin babbar ƙofa, yana gyara hula, har mai shara ya roƙe mu mu matsa.

Da muka dawo, mun tarar da mutanen ƙauyen zaune a gaban rumfa, tsofaffi bakwai da gwaggonmu da ke aure a can, sun taho da buhunan wofi. Gwaggo ta ce, "Ɗana, ka faɗa masa?"

Ya ce, "Mun yi magana da shi sosai, Gwaggo. Ana dubawa." Sai ya juyo gare ni. Na gyaɗa kai. Suka yi ta sa mana albarka, har da zakara suka bar mana, kuma mun ci.

Yaya ya shekara goma a majalisa. Ya koyi buga tebur, ya koyi katse mutum, ya yi tumbi, har aka riƙa cewa Damagaram ba ta da baki kamarsa. Amma zaman majalisa na biyu sai bayan wata shida aka yi shi. Kafin nan rabin ƙauyen ya watse kudu neman abinci, Gwaggo a cikinsu, kuma ba ta dawo ba. Da aka buɗe rumbun, ƙwari sun riga kowa. Har yau in na tuna gyaɗa kan nan nawa, kunya nake ji.