Ɗorawar Baba Tanko

Har gobe ban manta da ranar Larabar da aka gurfanar da ni gaban mai unguwa a Dutsen Abba ba, bisa zargin na tuge bishiya na dasa ta a gonar wani, ni da ko fartanya ban iya riƙewa da kyau ba. Lokacin na kusa shekara ashirin ina zane da fentin mai a shagona na Tudun Wada, ina ganin ba abin da ya rage a koya mini. Ku da kuke koyon aikin a hannuna yanzu, ku saurara.

Wani Injiniya Sabi'u da ke aiki a Legas ne ya kawo aikin. Ya ce kewar gida na damunsa, yana so in zana masa gonar mahaifinsa, Baba Tanko, ya rataya a falo. Ƙarshen damina ne, dawa ta fara fitar da kai. Na je gonar sau biyu, na yi zayyana da gawayi, na ɗauki hotuna a waya, na dawo shago.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: mai zanen fili ba ya kwafe abin da ya gani yadda yake. Ana koya mana mu daidaita nauyin hoto, kada kaya su taru gefe guda ɗaya gefen ya zama fayau. To ita gonar, komai nata a hagu yake, dutse a hagu, bukka a hagu, ga wata ƙatuwar ɗorawa ita ma a hagu. A dama kuwa sai wani layin gamba da fili a bayansa. Sai na ɗauke ɗorawar da burushi na tsallakar da ita layin gamban nan, na ajiye ta a dama. Na share ƙarfen sabis da ke can nesa saboda yana ɓata mini sararin sama. Da na ga har yanzu daman da saura, na ƙara shanu uku, sun miƙo wuya ta saman gamba suna taɓa dawa. Na ja da baya na duba, na yaba wa kaina sosai.

Fentin mai ba ya bushewa da wuri, sai ya yi mako ko fiye yana shan iska a inuwa. Don haka na jingine hoton a barandar shago yana kallon titi, kuma ban ɓoye muku ba, har da son a gani a yaba.

Aka kuwa gani. A kwana na uku wani dattijo mai keke ya tsaya, ya daɗe yana kallo, ya tambayi wanda ya sa aka yi. Na faɗa masa da alfahari. Ya washe baki, ya sa mini albarka har sau uku, ya fito da waya ya ɗauki hoto. Na ɗauka na samu mai son zane. Ashe Malam Iro ne, maƙwabcin gonar Baba Tanko. Layin gamban nan iyakarsu ce, kuma sun shekara da shekaru suna jayayya a kan ɗorawar, don kalwarta ce daddawar gidan duk wanda ya mallake ta. Da ƙyar dattawa suka raba gardamar tun zamanin tsohon mai unguwa, aka tabbatar tana cikin gonar Baba Tanko da taku uku. Ni kuma na zo da burushi na kwance musu a yini ɗaya.

Ranar Laraba aka aiko in zo da hoton. Na ɗauki shatar Keke Napep, na rungume shi ta baya don kada ya gogu, duk da haka na isa da koren fenti a hannun riga. Na tarar da zauren cike. Malam Iro ya riga ya gabatar da hujjarsa: ɗan gidan da kansa, mai ilimin injiniya, shi ya sa aka zana gonar, ga kuma inda ɗorawa ta fito. Baba Tanko na gefe ya sunkuyar da kai. Sun yi waya da ɗansa, kuma ko da yaron ya rantse bai ga hoton ba tukuna, tsohon ya fara zargin ko an haɗa baki da shi a sayar da gefen gonar. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, na ji kunya ta rufe ni.

Mai unguwa ya ce in yi bayani. Na shiga zancen daidaita nauyi da yadda ido ke yawo a kan hoto. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, “Wato Malam Habu, bishiyar ce ta yi maka nauyi a hagu, shi ne ka sauke wa Tanko ita ka ɗora wa Iro?” Zauren ya ɗauki dariya, ban da mutum biyu.

Malam Iro ya dage cewa hoto ba ya ƙarya. Mai unguwa bai musa masa ba. Ya sa tabarau, ya matso kusa da hoton, ya bi shi da kallo daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai duba ƙwarƙwata. Can ya nuna da yatsa.

“Iro, na karɓi hoton a matsayin shaida. Ɗorawa taka ce. To waɗannan shanun da suka fito ta gonarka suna cin dawar Tanko fa? Sai mu zauna maganar ɓarna.”

Malam Iro ya leƙa, ya ƙirga su da ido. Mutumin da ko akuya ba ya kiwo. Ya gyara hula, ya ce ai ranka ya daɗe kowa ya san wannan zane ne kawai, wasan yara ne, wa zai kafa hujja da fenti? Mai unguwa ya ce a shaida, aka shaida, aka shafa fatiha.

Ni kuma aka yanke mini hukuncin mayar da bishiya inda na ɗauko ta. Da yake fentin bai gama bushewa ba, na kankare wurin da wuƙar fenti, na sake shimfiɗa sararin sama, na jira ya sha iska. Ranar da zan zana ɗorawar, Baba Tanko ya zo shago tun da hantsi, ya zauna a benci, ya hana ni sakat. In na ɗiga fenti ya ce na matsa da yawa, in na dawo ya ce taku biyu ne wannan, ba uku ba. Na ce masa Baba, hagun zai yi nauyi fa. Ya ce shekara saba'in tana nan gonar ba ta karkace ba.

Da na gama ya ƙare wa hoton kallo. Sannan ya nuna gindin ɗorawar ya ce a nan mahaifinsa ke zama ya sha fura in rana ta take, in bar wurin da inuwa sosai. Na ƙara inuwar. Shanun kuwa ya ce in kore su, na kore su.

Abin da na koya ke nan: filin da muke zanawa yana da masu shi, kuma sun fi mu sanin inda komai yake da dalilin zamansa a wurin. Gajimare dai ku matsar da shi yadda kuka ga dama, ba na kowa ba ne. Amma duk abin da ke da saiwa a ƙasa, kafin burushinku ya taɓa shi, ku nemi mai gonar ku gaishe shi, ku tambaye shi na wane ne.