Lambarsa ta Kantar Ƙasa ce

Tana tsugune a ƙofar ɗakin karatu, tabarau a goshi, taɓo har ƙwauri. Ban san ta ba. Na zo mayar da littafi ne, na tarar ambaliyar jiya ta riga ni shiga. Littattafai take shanyawa, tana cusa farar takarda tsakanin shafuka kamar mai ɗaure rauni, tana ƙwafa.

Ga shugabanta kan dakali, takalminsa fes. "Malama, ina littafin nan na matakan gaggawa? A duba me ya ce."

Ta ɗago wani curi mai ɗiga, kamar jiƙaƙƙen burodi. "Ga shi, ranka ya daɗe. Sau uku ina mayar da shi sama, sau uku kana sa a sauko da shi, wai lambarsa ta kantar ƙasa ce."

Da gani ta shekara ashirin tana haɗiye irin wannan. Yau maƙogwaro ya ƙi.

Ta dangwara masa shi a hannu, ruwa na bin rigarsa. "Babin farko cewa ya yi kada a ajiye komai a ƙasa. Bismillah, karanta."