Tofin Baba Isiyaku

Har yau ban manta da safiyar Larabar da na gano abin da ke cinye mini aiki ba. Ku da kuka shigo ɗakin gwajin nan bana kun tarar da 'yar takarda manne a bango mai cewa "A rufe murfi kafin addu'a", kuna ta dariya. To ga asalinta.

Shekarata ta farko ke nan a matsayin ƙaramar ma'aikaciyar gwaji, a ƙarƙashin Dakta Binta. Aikin da ta ba ni shi ne in nuna cewa wani RNA da muke da shi yana yanka ɗan'uwansa. RNA dai zare ne siriri a cikin ƙwayar halitta, wanda ido ba ya gani. Wani saƙo kawai yake ɗauka, amma akwai irin da ake kira ribozayim, wanda ke naɗe kansa har ya zama kamar almakashi. Sai ya riƙe wani zaren a jikinsa, ya datse shi a wuri guda tak. Wani ma yakan kama guntaye biyu ya haɗe bakinsu su koma ɗaya. Tun ina makaranta abin ke burge ni, a ce zare da kansa ya zama tela.

Gwajin ba shi da tsawo. Ana haɗa zaren biyu a ɗan bututu, a ɗiga ruwan gishirin maganiziyam da ke taimaka wa almakashin ya naɗu daidai, a bar su a ɗumi. Daga nan a zuba a kan jel, wani abu mai kama da daskararren koko, a jona wuta. Gajerun guntaye sun fi dogaye gudu a cikinsa. Idan zaren ya tsaya a layi ɗaya, bai yanku ba. Idan ya rabu layi biyu, ya yanku.

A karon farko layi ɗaya na gani, domin na manta da maganiziyam. Na tsaya bakin famfo na yi kukana. Babu kowa a wurin sai Baba Isiyaku, dattijon da ke wanke mana kwalabe yana dafa bututai a tukunyar tururi don kashe ƙwayoyin cuta. Ya ce, "Yi shiru 'yata, za mu taya ki."

Daga ranar abu ya ƙara lalacewa. Sau uku ina maimaitawa, ba layi ko ɗaya, sai dabbare kamar an shafa tawada da yatsa. Ma'anarsa wani abu ya tattaune zaren. Kun san akwai sinadari a yawu da gumin mutum da ke narkar da RNA. Na sauya safar hannu, na sauya ruwa, na sa takunkumi, duk a banza.

Ranar Litinin Dakta ta kira ni ofis. Ta ce, "Hauwa, abin da ya rage a firiza na gwaji ɗaya ne, sabo kuma sai an yi watanni kafin ya iso. Idan bai fito ba ranar Alhamis, zan rufe aikin, ki koma teburin karɓar samfur."

Ranar Laraba na dace da keke-napep da wuri daga Malali, na riga kowa zuwa, ban da Baba. Na hango shi ta gilashin ƙofa. Ya fito da akwatin bututaina daga tukunya, ya buɗe murfin, ya ɗaga hannuwa ya daɗe yana addu'a. Sannan ya sunkuya ya tofa a ciki sau uku, a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi.

Mutumin nan a haife ya haife ni, kuma saboda ni yake baro Rafin Guza tun da sassafe. Na shiga na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, tun yaushe kake mini wannan?"

"Tun ranar da kika yi kuka. Ban taɓa tsallake akwati ba."

Na yi masa bayanin yawu da zaren. Ya zauna a kan kujera ya dafe kai.

"Ashe ni ne ɓeran?"

"A'a Baba, addu'ar ina so. Iskar bakin ce kawai matsalar."

Sai ya bushe da dariya. "To ai Wanda ake roƙo ba sai an buɗe masa murfi ba. Kawo sabon akwati."

Ya dafa sababbin bututai, ya yi addu'arsa a kan rufaffen murfi. Na buɗe da kaina, na haɗa ragowar zaren, na ɗiga maganiziyam ina duba takarda sau biyu.

Bayan la'asar na ɗora jel ɗin a kan fitila. Layuka biyu ne, sirara, tsaf-tsaf, suna haske kamar jinjirin wata da inuwarsa a ruwa. Ban san na yi ihu ba sai da Dakta ta shigo da gudu, mayafinta a hannu. Ta duba ta sake dubawa.

"Ya yanka! Hauwa, ya yanka! Me kika sauya?"

Kafin in buɗe baki Baba ya ce daga bakin famfo, "Ranki ya daɗe, ni aka sauya."

Ba a rufe aikin ba. Da damina ta zagayo mun nuna haɗewar guntayen ma.

Abin da na koya shi ne, wata guda na yi ina binciken ruwa da safa da iska, ban taɓa zama na gaya wa mai dafa mini bututai abin da muke yi da su ba. Laifina ne, ba nasa ba. Shi ya sa duk wanda ya zo sabo, nake fara kai shi wurin Baba. Shi zai yi muku bayanin ribozayim, kuma takardar nan ta bango rubutun hannunsa ne.