Ciwo Mai Sunan Turanci

Kwanaki 'yata ta kalle ni ta ce wai ni tokzik ne, don kawai na hana ta danna waya a kan abinci. Yaran yanzu haka suke, an ba su kalmomi kamar gyaɗa suna ta watsa wa mutane. Ni irin waɗannan kalmomin guda biyu na taɓa koya a rayuwata, kuma ba a waya na tsince su ba. A Agege ta Legas na same su, lokacin da soja suka koma bariki, kowa yana murnar dimokuraɗiyya kamar za a raba ta a faranti.

A lokacin dakon nama nake yi a abatuwar Oko-Oba. A aji biyar na firamare na tsaya, Turancina bai wuce na ciniki da matan Yarbawa masu abinci ba. Ɗaki ɗaya muka kama haya ni da abokina, ɗan ƙauyenmu, tare muka shigo Legas. Shi yana aiki ne a hannun kawunsa, mahauci mai babban teburi. Kai, wancan zamani! Mu yi sallar asuba mu tsaya wajen mai shayi, jirgin ƙasa ya taho, masu talla su janye kayansu daga kan layi, yana wucewa su mayar kamar ba a yi komai ba. Abatuwa kuwa jini ne da hayaƙin babbaka da ihu cikin kowane yare. Muna wari, amma muna dariya. Yanzu turare ya yi yawa, dariyar ce babu.

Kawun nan bai taɓa dukansa ba, wannan gaskiya ne. Da baki yake yi. In abokina ya yanka tsoka tsaf, sai ya ce wa masu saye, "Ku yi haƙuri, ɗan ƙanwata ne, hannun noma gare shi, noman ma bai iya ba." In ya ce zai koma wani teburin, sai kawun ya ja shi gefe ya marairaice: "Ni da na ɗauko ka? Wa zai riƙe irinka in ba ni ba?" Yau ya saya masa takalmi, gobe ya goranta masa takalmin a gaban jama'a. Duk muna gani, muna cewa tarbiyya ce.

Sannu a hankali abokina ya rage magana. Abinci ya tsakura ya ture. Mutumin da ke feɗe bijimi shi kaɗai sai ga shi yana tambayata ko ya riƙe wuƙa daidai. Daga baya ya daina fita gaba ɗaya, ya kwanta ya juya wa bango fuska. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru.

Muna da wata al'ada a wurin. In ciwon mutum ya ƙi ganuwa, ba zazzaɓi ba, ba rauni ba, sai a nemi tirelar da ta sauke shanu za ta koma Arewa, a shimfiɗa masa tabarma a baya, a haɗa masa ruwa da garin kwaki, a ce gida ya fi. A wajenmu tausayi ne. Amma na san abin da ke jiran wanda aka sauke a ƙauyenmu da sunan taɓin hankali: mari a ƙafa a gidan mai magani, ko ya warke kuma sunan ba zai bar shi ba. Kawun har ya yi magana da direba, an sa Laraba.

'Yar mai gidan da muke haya nas ce, Bahaushiya haihuwar Legas, irin waɗanda Hausarsu ke tafe da Yarbanci a dama, Turanci a hagu. Ita ta leƙo ɗakin don ta ji shirun ya yi yawa. Ta tsuguna a bakin ƙofa tana yi wa abokina tambayoyi, barci, abinci, ko yana jin kamar shi ba komai ba ne. A wannan ta ƙarshen ce ya ɗago kai. Ta fito ta same ni a bakin famfo.

"Kai, ɗan Arewa, wannan fa ba aljanu ba ne o. Difireshin ne."

"Di me, Anti?"

"Difireshin. Baƙin ciki ne da ya zauna har ya zama ciwo. Akwai likitansa, akwai ƙwayarsa. Abin da ogansa yake yi masa kuma sunansa abiyus, ko da bai taɓa shi da hannu ba. Oya, faɗa in ji."

Na faɗa. Ta ce bakina kamar ana jan buhu a kan siminti, in sake. Har ta hau okada ta tafi aiki ina tsaye ina maimaitawa.

Ran Talata da la'asar na je wajen dattijon da ke shugabantar mahautan layinmu. Yana kan benci yana cin goro, kawun yana gefensa. Na tsuguna na gaishe su.

"Baba, maganar mai tafiya gobe ce. Ba hauka ba ne. Difireshin ne."

Kawun ya yi tsaki. "Ji ɗan dako! Yaushe ka zama likita? Ɗana ne, ni na san ciwonsa."

Baba ya ɗaga masa hannu, ya ce da ni, "Shi wannan abin, ana ɗauka ne? Kada ya shigar mana nama."

"Ba a ɗauka, Baba. Asibiti sun san shi, har da ƙwayarsa."

Ya ci gaba da tauna goronsa. Da baƙin ciki na ce, wallahi dariya za su yi mini, wa ye ba shi da baƙin ciki a Legas? Amma da ya ji suna na Turanci sai ya gyara zama. Haka mutanenmu suke, har yau abin yana ba ni haushi.

"Me ke kawo shi?"

Kawun ya zuba mini ido. Na ce, "Nas ta ce abiyus."

"Shi kuma fa?"

"A yi ta yanka mutum da baki kullum a gaban jama'a, Baba."

Baba bai ko waiwayi kawun ba. Ya tofar da goro ya ce, "A sallami direba. Kai ka kai shi asibitin. In ya tashi ya koma wajen masu fata, dama suna neman hannu."

Kawun bai sake amsa sallamata ba har ya bar Legas. Ban yi asarar komai ba.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Mun sha hawa danfo, motocin hayar Legas, mun sha zaman benci a asibiti, ƙwayar ma da farko barci kawai take sa shi. Wata safiya ina ɗaura ɗamarar fita, na ji muryarsa daga kan tabarma: "In za ka dawo ka taho da burodi da wake." Na kawo. Ya ci rabi, ya latsa sauran da yatsa, ya ce, "Na jiya ne wannan. Kai dai ko a burodi sai an cuce ka."

Satin bai ƙare ba ya bi ni Oko-Oba. Na bar shi a rumfar masu fata, ya naɗe hannun riga yana barbaɗa wa fatu gishiri.