Rawanin Issoufou a Hamadar Arizona

Issoufou bai iya zama ba. Shekara goma sha huɗu muna tuƙa tasi tare a Washington, ban taɓa ganin ya sha shayi a zaune ba. Mutumin Agadas ne. Kafin ya zo Amurka, babbar mota yake ja daga Agadas zuwa Bilma, wadda har ya koma ga Allah kamiyo yake ce mata. A Beltsville, inda yake zaune kusa da Washington, kullum ƙorafinsa ɗaya: bishiyoyi sun yi yawa, ido ba ya samun wurin miƙewa.

A bazarar 2009 ya sayo tsohuwar motar nan mai ɗaki da madafa da banɗaki a ciki. Ya ce hamadar Amurka za shi gani, ni ne direba na biyu.

Na ce, "A watan Yuli? Ka bari a sha iska mana."

Ya ce, "Ladan, kai Bakatsine, me ka sani game da rana? Ni a cikinta aka yanke mini cibi."

Matarsa Aminatou tana da ciwon suga, kullum sai ta yi wa kanta allura, maganin kuma ba ya jure zafi. Ta ce ba za ta ba. Ya buɗe mata ɗan firjin motar, ya ce, "Ga firigo, Hajiya. Maganinki zai fi mu jin daɗi." Da haka ya shawo kanta. Ya loda jarka takwas ta ruwa. Na yi ta yi masa dariya, na ce ko rijiya za mu haƙa.

Kwana huɗu muna tafiya. Duk inda muka tsaya, kafin in idar da sallah ya tada inji. Da muka shiga Arizona da hantsi, sai ya faka gefen titi, ya ɗauki tsinke yana bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sace musu iska.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Haka muke yi. Zafi yana kumbura taya, ka rage mata ta samu sarari. Ba a shiga hamada da taya ƙam."

Ban musa ba, don mu ma a gida haka direbobi ke cewa. Daga nan ya bar babbar hanya ya kama wata 'yar siririya, wai a nan ake ganin hamadar gaskiya.

Bayan azahar muka ji ƙara kamar bindiga. Tayoyin baya biyu na gefe ɗaya suka fashe tare, ga shi tayar safaya ɗaya gare mu. Wani guntun tayar ya tsinke bututun gas a ƙarƙashin motar. Wari ya cika ko'ina. Issoufou ya ruga ya rufe tukunyar gas ɗin, ya ce kada wanda ya taɓa makullin motar. Firji, da yake da gas yake aiki, ya mutu. Waya babu layi. Iskar da ke kaɗawa kamar daga bakin murhu.

Aminatou ta fito da kwalaben maganinta guda uku a tafin hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban Ramatou, in waɗannan suka lalace, ka san sauran."

Ya kasa kallonta. Ya zagaya motar sau biyu, ya shiga, ya fito da farin rawaninsa, wanda ya zo da shi don a ɗauke shi hoto a kan tudun yashi. Ya naɗe kwalaben a ciki, ya jiƙa shi sharkaf, ya rataye a madubin ɓangaren inuwa inda iska ke bugawa.

Ya ce, "Salka ke nan. Muddin tana jiƙe, cikinta sanyi ne."

Kafin minti goma rawanin ya bushe. Ya sake jiƙawa. Haka ya yi ta yi, daga jarka zuwa madubi, daga madubi zuwa tsakiyar titi yana hangen gabas da yamma. Inuwa ta matsa, ya matsar da rawanin. Ya shimfiɗa wa Aminatou jiƙaƙƙen zane, yana ɗura mana ruwa, shi kuwa sai dai ya kurkure baki. Na ce ya sha, ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, bari tukuna." Leɓɓansa suka tsattsage. Jarkokin da na yi wa dariya, ina kallo suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Saura jarka biyu, sai wata dattijuwa mai suna Martha ta ɓullo da motar ɗaukar dawaki. Ta kwashe mu zuwa garinsu, Aminatou na rungume da rawanin yana ɗiga a cinyarta. A kantin magani mai kantin ya taɓa kwalaben, ya ɗaga su a haske, ya tambaya a wane akwatin ƙanƙara muka ajiye su.

Washegari mai gyaran taya ya gwada sauran tayoyin, ya dubi Issoufou ya ce wanda ya rage musu iska shi ya fasa su. A yashi ake ragewa. A kwalta mai zafi, taya maras iska ita ke dahuwa. Issoufou ya nemi benci ya zauna. Wannan ne kaɗai zaman da na taɓa gani ya yi. Can ya ce, "Hajiya, ki yafe mini."

Ta ce, "Tashi, zama bai yi maka kyau ba."

Allah ya yi masa rasuwa a 2017, zuciya ce, yana tsaye jikin tasinsa a layin filin jirgi. Har yau idan na shiga layin nan sai in riƙa waige. Allah ya jiƙanka, abokina, ya sanyaya makwancinka.

Aminatou tana nan da ranta. 'Yarsu Ramatou ta saya mata 'yar jakar sanyi ta zamani, tana amfani da ita. Amma da na kai ta filin jirgi za ta Yamai, ta buɗe jakar a gaban masu bincike, sai ga kwalaben a naɗe cikin farin rawanin.