Toktosun da Ranar Ƙirgen Yara

Rubuta sunansa daidai, Toktosun. Shekara talatin da ɗaya yana hura murhun makarantar ƙauyenmu, can ƙarshen kwari inda hanyar mota ta gaji ta tsaya. Bai yi karatun kirki ba, amma kafin yara su iso da safe ya kwashe ƙanƙarar bakin ƙofa, azuzuwa sun yi ɗumi.

Makarantar nan iyaye uku gare ta, kuma babu mai goyon ta. Albashin malamai daga babban birni. Kwal da gyaran rufi na majalisar ƙauye. Ofishin ilimi na gunduma kuwa nasa ƙirge: sau ɗaya a shekara, farkon Satumba, ya turo mutum ya ƙirga yara, a kan wannan adadin ake yanka wa makaranta rabonta har shekara ta zagayo. Wa ya zaɓi farkon Satumba? Wanda bai taɓa kiwon ko akuya ba! Lokacin rabin ƙauye na kan tsauni da dabbobi, yara na can tare da iyayensu, ba mai saukowa sai sanyi ya koro shi.

Wata shekara shugabar makarantar, Malama Gulsun, ta same shi a rumbun kwal, ta kira shi Aksakal, yadda muke kiran dattijo.

"Aksakal, an aiko. In ba mu kai sittin ba, za a ɗauke manyan azuzuwa uku a kai ƙauyen gaba."

"Ta mashigin dutsen da ƙanƙara ke toshewa wata huɗu?"

"Ta nan."

"Mu nawa ne yanzu, 'yata?"

"Arba'in da ɗaya. Nan da kwana uku mai ƙirge zai zo."

Ya jingine shebur, ya je ya ɗaura wa dokinsa sirdi. Kwana biyu yana bin tantunan makiyaya. A tantin Mambet, abokinsa tun na yarinta, tun daga nesa mai tantin ya tare shi da ihu.

"Kai tsohon mai toka, yaushe aka naɗa ka ministan ilimi?"

"Ranar da ka iya ƙirga tumaki ka manta 'ya'yanka. Ba ni Burul da ƙannenta, kwana biyu kawai."

"Wa zai tatsar min goɗiya?"

"Hannunka ya karye ne, ko goɗiyar ce ta raina ka?"

Matar Mambet ta tuntsire da dariya, ta miƙa masa ƙwaryar nonon goɗiya mai tsami, ta ɗaure wa yaran gurasa a ɗankwali. Haka ya sauko da yara ashirin da huɗu, bibbiyu uku-uku a kan doki. Matan ƙauye suka yi musu wanka, suka aro musu fararen riguna. Sittin da biyar suka jeru a filin makaranta.

Mai ƙirgen ya iso, saurayi da takalmi mai sheƙi. Ya buɗe kwamfutarsa a kan tebur, ko kallon filin bai yi ba.

"Arba'in da ɗaya," in ji shi.

Toktosun ya matso. "Ɗana, ɗaga kanka mana."

"Aksakal, duk wanda bai zauna a aji ran ɗaya ga wata ba, rajista ta rufe babu shi. Suna nake ƙirgawa, ba kawuna ba."

"To me ya kawo ka? Da ka zauna a ofishinka ka ƙirga sunan!"

"Doka ta ce a zo."

Toktosun ya kamo hannun Burul ya jawo ta gaban tebur. "Wannan fa? Aljana ce?"

"A kai kuka majalisar ƙauye," in ji saurayin. Ya ci naman ragon da muka dafa masa har da neman ƙari, ya shiga mota.

Toktosun ya kai kukan. Shugaban majalisa ya ce shi kwal ne nasa, a je gunduma. Gunduma ta ce dokar daga birni take. Malama Gulsun ta rubuta wa birni sau uku, ko tari ba a yi mata ba.

Ƙarshen Oktoba kowa ya sauko, 'yan manyan azuzuwa su goma sha tara, babu ajin shiga. Maza shida aka tura su zauna wurin dangi a ƙauyen gaba. 'Yan mata ko ɗaya, don ba uban da zai ajiye 'yarsa a gidan wani duk tsawon hunturu. Burul, wadda ta fi kowa lissafi a ajinsu, a nan karatunta ya tsaya.

Majalisa ta aiko wa Toktosun kwaɗo uku ya garƙame azuzuwan. Ya mayar da su a aljihun ɗan aiken.

"Ka ce wanda ya ƙirga ya zo ya kulle."

Ya ƙara shekara huɗu a bakin aiki kafin Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa kulle su ba. Sai bayan jana'izarsa aka sa kwaɗon. Dankalin shugaban majalisa ne a ciki yanzu, rubuta wannan ma.